Ga mai tambaya kan shiga ramin tama na Kiruna

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ko lif ka shiga ƙirjinka cushewa yake yi, ga shi 'yan ajinku sun shirya shiga ramin tama na Kiruna da ke arewacin ƙasar Sweden, kana tunanin ka yi zamanka a masauki. Ciwonmu ɗaya, kuma na shiga.

Ka kwantar da hankalinka, ba lif ake hawa ba. Bas ce take kwasar ku daga cikin gari, a ba kowa hular kwano, ta gangara da ku har zurfin mita 540, inda LKAB, kamfanin da ke haƙar tamar, ya keɓe wa baƙi. Masu aikin suna can ƙasa, wajen mita 1,365.

Ni a bakin ramin abin ya same ni. Hasken waje na ɓacewa kunnuwana suka toshe, gumi ya jiƙa mini riga duk da sanyin garin. Na ƙanƙame kujerar gabana ina ta Hasbunallahu, gani nake dutsen nan duk a kaina yake. To wanda muka taho tare, mutumin da na biya wa kuɗin jirgin ƙasa da hannuna, maimakon ya ce mini sannu sai ya ciro waya. Ya ɗauke ni ina rawar jiki, kafin dare ya watsa wa abokanmu, har da rubuta wai ga jarumin Kano. Wallahi ya fi ramin yi mini ciwo. Daga baya ya ce wasa ne. Wasa? Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Don haka ka duba wanda za ka zauna kusa da shi, ka kuma faɗa wa mai yi muku jagora tun a sama, ba abin kunya ba ne.

Da muka sauka kuwa sai abin ya sake ni. Wuri ne yalwatacce, ga fitilu, ga manyan injina da tayarsu ta fi ni tsawo. Har gahawa muka sha. An nuna mana tamar da suke dunƙulawa ƙanana kamar gurjiya, wadda jirgin ƙasa mai tarago 68 yake kaiwa tashar ruwa ta Narvik a Norwe.

Ka yi rajista da wuri, kujeru na cika. Kuma idan ka ji ƙasa ta ɗan motsa bayan ƙarfe ɗayan dare kada ka fito a guje kamar yadda na yi ba takalmi, lokacin suke fasa dutse.

Ko ba ka shiga ba, ka zaga garin. Ramin ne ya haife shi tun wajen 1900, shi ne kuma yake cin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, har ana matsar da tsakiyar garin kilomita 3 gabas. Cocinsu na katako ma ɗungurungum aka ɗora a kan tayoyi aka tafi da shi a Agustan 2025. Idan kuma a Disamba za ku je, ka nemi fatawa kan lokutan salla tun kafin ka tashi, don a yawancin kwanakin watan rana ba ta fitowa sam. Ni a can na rikice, ina duba agogo ina duba taga.