Abin da ke kashe 'yan tsaki a makon farko

Ka ce ka ba su maganin da mai kanti ya rubuta maka, ka zuba bitamin a ruwa, amma kullum da asuba sai ka tsinci biyu ko uku a mace a kusurwar ɗaki, kana tambaya ko cuta ce ta shigo. To ɗana, sanyi ne, kuma wurin da kake tsintarsu shi ya tona asirin.

Tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya yi kamar mako biyu. Wanda kazar Hausa ta ƙyanƙyashe yana da fiffiken uwarsa. Waɗannan da aka ɗauko a kwali tun daga Ibadan kuwa, kai ne uwarsu. A makon farko suna son zafi digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako. Ko ba ka da ma'auni, su za su gaya maka. In sun cure wuri guda suna kuka da ƙarfi, sanyi suke ji, kuma na ƙasa danne shi za a yi har ya mutu. In sun gudu jikin bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci suna sha, rabu da su. Ka samo kwali ka kewaye su da'ira, don kada su sami lungun da za su hau kan juna.

Kaskon gawayin nan naka ma da gyara. Ka hura shi a waje sai ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, sannan ka shigar. Kada kuma don tsoron hunturu ka toshe ko'ina da leda. Ka bar kafa ta sama, domin iskar gawayi ba ta da wari amma tana kisa, har kai mai shiga. Matsalar ita ce garwashin yana mutuwa wajen ƙarfe uku na dare, daidai lokacin da sanyi ke sauka kai kuma kana minshari.

Sa hannu ka damƙi dusar katakon da ke ƙarƙashin mazubin ruwa. In ta dunƙule, kwashe ta ka zuba busasshiya, don daga danshin nan kashin jini ke tasowa.

Maganin kanti kuwa ka ajiye shi tukuna. Abin da ba na yarda a yi wasa da shi shi ne rigakafi: na Gumboro (cutar da ke karya garkuwar jikin tsaki) da Lasota (rigakafin cutar kaji ta Newcastle), a ranakun da likitan dabbobi ya tsara maka. Ka sayo shi cikin ƙanƙara, ka janye musu ruwa kamar awa biyu su ji ƙishi, ka haɗa da ruwan rijiya mai tsabta, ba na famfo mai kulorin ba, su shanye kafin awa biyu. Rigakafin da ya sha rana a aljihunka daga kasuwa zuwa gida, kuɗinka ka zubar.

Yau ka shimfiɗa tabarmarka kusa da ɗakin, ka tanadi gawayin da za ka ƙara tsakar dare. Gobe da safe ka zo ka gaya mini nawa ka ƙirga.