Zaren da ya cinye mini ragon layya

Me ka ce? Yadda ake gane zaren tsamiya na gaske da na jabu? Soke allurar nan a jikin hularka ka matso. Wata bakwai kana zaune a zauren nan, sai yau ka yi tambaya irin ta mai son sana'a. Kullum daga "Baba nawa ake biyan ɗinkin aska biyu a babbar riga" sai "Baba yaushe zan fara karɓar aikin kaina". Kai da ko tambarin baya, zagayayyen ɗinkin nan na bayan riga, ba ka iya kewayewa bai karkace ba.

Tsamiya dai ba a gona ake shuka ta ba. Wata tsutsa ce ke taruwa a bishiya, galibi tsamiya, ta saƙa wa kanta gida. A ciro gidan, a dafa da ruwan toka har danƙon ya fita, a wanke a shanya, sannan tsofaffin mata su kaɗa da mazari. Shi ya sa ba ta zuwa sumul. Za ka ji kaushi a yatsa, nan ya yi kauri can ya sirance, launin kuma ruwan ƙasa ne mara ƙyalli, kuma nata ne na halitta, ba wanda ya rina ta. Riƙe wannan maganar. Abin da ba a rina ba ba shi da abin da zai zubar. Ni ma na san haka tun ina ƙasa da shekarunka, amma sanin bai hana a yi mini sakiyar da ba ruwa ba.

Shekarar canjin kuɗi ce, 1984, lokacin da soja suka rufe iyakoki. Shadda ta yi wuyar samu, wadda ta shigo ta bayan fage kuma kuɗinta sai wane da wane. Ana cikin azumi wani ɗan kwangila ya aiko yaronsa da farar shadda yadi goma, ya ce aska takwas yake so, aikin tsamiya zalla, zai hau da ita a babbar Sallah. Ban tambayi kafin alƙalami ba. Babban mutum ne, na ji nauyi, kuma ina ta murna sunana ya kai gidan manya. Kuɗin zare daga aljihuna, kuɗin mai zane daga aljihuna, a lokacin da sabon kuɗi ke wuyar gani a hannun talaka.

Mutumin da na saba saye a wurinsa ya ce tsamiya ta yanke, sai bayan sati biyu. Ban iya jira ba. Wani dillali ya ja ni gefe a kasuwa ya kwance ƙulli, ya ce daga ƙauye aka kawo masa jiya, mai ita matsuwa ta kama shi. Kuɗin bai kai kashi biyu cikin uku na yadda aka saba ba. Magariba ta kusa, ga azumi a baki, na murza a yatsa na ji kaushi, na biya na taho. Tun muna yara ake ce mana araha ba ta ado, ni da na sha faɗa wa wasu.

Kusan wata uku na yi a kan rigar nan. Kai ba ka san aska takwas ba, gani kawai kake yi a jikin mutane. Askokin da ke gangarowa kan aljihu, gidan biyar, tambarin gaba, tambarin baya, ga cin wuya, kowane ɗan ido sai ka huda ka kewaye shi da zare, ɗaya bayan ɗaya, su fito kai ɗaya kamar an auna. Damina ce, hasken rana ba ya zama, na ƙarasa da fitilar ƙwai har idona ya riƙa ruwa. Na ture ayyuka uku na abokan cinikina na kullum saboda ita. Kuma wallahi ta yi kyau. Har yau ban sake fitar da tambari irin na rigar nan ba.

Saura kwana shida Sallah na kai wa masu bugu. Ka san sai sun yayyafa ruwa kafin su ɗora a gungume. Ban kai gida ba yaronsu ya biyo ni da gudu. Na koma na tarar sun tsaya cirko-cirko, ba mai magana. Launi ya bar zaren ya bi farar shadda, daga bakin askokin har ƙasan aljihu, kamar an tauna goro an fesa mata. Ashe auduga ce aka kaɗa da hannu don ta yi kaushi, aka jiƙa a ruwan sassaƙe. Mun sa sabulu, mun sa lemun tsami, abin sai ƙara yaɗuwa yake yi.

Dillalin ya rantse har da dafa ƙirji, wai ni na cakuɗa zarensa da wani. Wannan na bar shi da Allah, ɓarawo ne kuma bai taɓa cewa shi waliyyi ba ne. Mai rigar shi ne abin da ke ci mini rai. Ya tsaya a ƙofar gidan nan, gaban maƙwabta, ya ce na lalata masa shaddar da babu irinta a garin nan. Dattawan unguwa suka shiga tsakani, aka yanke cewa ladan aikina ya tafi, in biya rabin kuɗin shadda, shi kuma ya ɗauki rigarsa tunda tasa ce. Ragon da na yi wata biyar ina turkawa shi na kai kasuwa. Shekarar nan 'ya'yana a gidan ƙanena suka ci naman layya.

To, ranar hawan Daushe ina tsaye cikin jama'a kusa da ƙofar fada, sai ga mutumin a kan doki cikin riga baƙa wuluk tana sheƙi, an rina ta da baba an buge ta. Mutane na nuna shi. Na dubi bayansa na ga tambarina. Mai ɗinki ba ya ɓatan hannunsa, ko a cikin riga dubu. Marina ya kai ta, shuni ya rufe tabon, audugar nan kuwa ta sha rini fiye da yadda tsamiyar gaske za ta sha, aikin ya fito raɗau. Daga baya na ji yana gaya wa mutane wai daga Bida aka ɗinko masa. Bida! Ko sunana bai bar mini ba. Shekaru ya yi yana sa ta, muna haɗuwa a masallacin Juma'a ya ɗaga mini hannu.

Saboda haka ga abin da za ka yi, kuma ba a tsamiya kaɗai ba. Duk zaren da zai hau farin yadi, yanki kamu ɗaya, jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, naɗe shi cikin farin ƙyalle ka matse ka bar shi ya kwana. Da safe ka buɗe. In ƙyallen ya ɗauki ko ɗigo, mayar wa mai shi. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi cin amana. Sannan ashana. Tsamiyar gaske in ta ji wuta ƙauri take yi irin na gashi, ta dunƙule, wutar ta mutu da kanta, ka murza ta zama gari. Auduga kuwa ci take yi kamar takarda ta bar farar toka. Silikin nan mai ƙyalli na kanti shi ma yawanci kamar takarda yake ci, na roba kuma narkewa yake ya daskare kamar tsakuwa. Kuma ka ciro abin gwajin daga tsakiyar ƙulli, don macuta na gaske suke naɗawa a sama. Kada ka sayi zare bayan la'asar sakaliya. Kada ka soka allura a rigar kowa, ko ɗan sarki ne, sai ya ajiye kuɗin zare da rabin lada.

Batun tsawon zaren da za ka zura da yadda za ka ɓoye ƙulli, wannan kada ka ɓata mini lokaci, kana da ido. Matan cikin gidajen Birnin Zariya da ke ɗinka riga yanzu wa ya zaunar da su ya yi musu karatu? Kallo suka yi suka iya, wasunsu sun fi ku hannu nesa ba kusa ba. Ku kuwa ɗinki biyar, waya ta yi ƙara, a ajiye riga a ƙasa. Sa'anninka duk sun gudu wurin injin kwamfuta, a danna a fitar da aska tara kafin azahar, wanki uku ta tattare kamar ganda. Wanda ya san riga juya ta yake ya duba ciki.

Tashi ka ɗauko mini gwangwanin nan na kan katanga. Ƙulli biyu ne a ciki, ɗaya na gaske, ɗaya ragowar na waccan shekarar ne, ban yar ba. Kada ka tambaye ni wanne ne wanne. Ga ashana, fita waje ka gwada, kada ka ƙona mini tabarma.