Filin Tambaya da Amsa: Ina So In Bai Wa Ɗana Tsohuwar Bindigar Farautata

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, ina zaune a unguwar Gwammaja cikin birnin Kano. Ina da bindigar farauta ƙirar Brno mai ƙaramin harsashi, irin wadda ake kira .22, na saye ta a hannun wani abokin aikina fiye da shekara 30 da suka wuce, aka kuma yi mini lasisi da sunana. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ma ya ragu, rabona da shiga daji an doshi shekara 8, ita kuwa tana jingine a bayan sif cikin gidanta na fata. Babban ɗana, wanda ya yi aure har da 'ya'ya uku, shi ne yake raka ni harbin zabin daji tun yana yaro, saboda haka nake so in gyara ta in ba shi kyauta. Da na ciro ta na ga tsatsa ta ɗan kama bututun, katakon ma ya dusashe. Me zan goge ta da shi ta koma kamar sabuwa? Kuma akwai wani abin da ya kamata in yi kafin in miƙa masa?

Daga wani mai karatu a Gwammaja, Kano.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tambayarka ta biyu ce ta fi nauyi, don haka da ita zan fara, ka yi mini haƙuri in ajiye maganar goge-goge zuwa can gaba.

Bindiga ta sha bamban da agogo ko babbar riga da uba zai cire ya miƙa wa ɗansa a zaure a yi addu'a a tashi. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma har yau ita ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula sai da izinin Shugaban Ƙasa, cikinsu har da ƙananan bindigogin hannu da kuma masu harsashi irin na soja, wato 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta irin taka, waɗanda lasisinsu yake ƙarƙashin ikon Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma harba-ka-ruga da danginta da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ba da izininsu. Taka tana gida na biyu, kuma abin da nake so ka riƙe shi ne, lasisin da ke hannunka naka ne kai kaɗai, a kan wannan bindigar ita kaɗai. Ba ya bin jini kamar gado, kuma ba a ba da aronsa. Dokar ta hana a sayar ko a miƙa bindiga ga wanda bai nuna lasisi ko izinin mallakarta ba, ko da kuwa ɗan cikinka ne. Ranar da ɗanka ya ɗauke ta ya kai gidansa ba tare da takarda da sunansa ba, a idon hukuma ya zama mai riƙe da makami ba bisa ƙa'ida ba, laifin da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 5, kai kuma da ka ba shi ba za ka fita fes ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ka ce rabonka da daji shekara 8 ke nan, ina kuma kyautata zaton rabonka da sabunta lasisi bai gaza haka ba, domin yawancin dattawanmu da zarar sun jingine bindiga sai su jingine takardarta tare da ita. Lasisi yana da wa'adi, kuma wanda wa'adinsa ya ƙare ba ya kare mai shi. Sannan a shekarar 2023 rundunar 'yan sanda ta bayyana cewa ta dakatar da bayar da sabon lasisin bindiga saboda yawaitar makamai a hannun jama'a. Shawarata ita ce ka ɗauki littafin lasisin da duk wani rasit da ya rage, ka tafi tare da ɗan naka hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai, ku nemi sashen da ke kula da rajistar bindigogi, ku tambayi matsayin takardarka da kuma hanyar mayar da ita sunansa. Ku je da takarda kawai, ku bar bindigar a gida a kulle, sai in su suka ce a kawo ta. Dokar ta kuma shimfiɗa sharuɗɗa a kan wanda za a bai wa lasisi: kada ya gaza shekara 17, ya kasance mai cikakken hankali da lafiyar ido, ba mashayi ba, kuma ba a same shi da laifin tashin hankali ba cikin shekara 5 da suka gabata. Kai ka haife shi, ka fi kowane jami'i sanin halinsa, musamman yadda yake idan ransa ya ɓaci, kuma wannan binciken ba wanda zai yi maka shi.

Idan aka ce sai an jira, ka jira. Ba abin da zai hana ka kira shi ka gaya masa cewa bindigar nan tasa ce, ka ma rubuta a takarda da shaidu, ta ci gaba da zama a wurinka har ranar da hukuma ta amince. Ka dai sani cewa a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka yi wa ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, in ba haka ba sai ta koma cikin dukiyar gado, don haka kada a bar maganar lasisi ta kwana shekara da shekaru. Kuma tun da ka ce babban ɗanka ne, ke nan akwai ƙanne. Ka san hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kai, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Bindiga ɗaya ba ta rabuwa gida biyar, amma tana da kuɗi, ka tambayi malaminku yadda za ka daidaita wa sauran, ko ka tara su ka nemi yardarsu a fili.

Yanzu mu zo kan bindigar kanta. Kafin ka taɓa tsumma, ka juya bakinta zuwa bango inda babu kowa, ka cire gidan harsashi, ka ja sakatar baya, ka duba ramin da harsashi ke shiga da ido, ka kuma sa ɗan yatsa ka taɓa. Mutumin da ya ajiye bindiga shekara 8 ba ya tuna ko ya bar harsashi ɗaya a ciki, kuma kusan duk labarin tsautsayin da muke ji da wannan kalmar yake farawa, wai ai babu komai a cikinta. Bayan haka ka zare sakatar gaba ɗaya, ka ɗaga bututun ka hangi haske ta cikinsa daga baya. Na taɓa zama kusa da wani dattijo a unguwarmu yana wannan dubawar, ya ɗaga bututu ya ce shi bai ga haske ba sam, muka ɗauka idonsa ne. Da aka tura sanda siririya sai ga busasshiyar laka tana zubowa a kan tabarma, da 'yan tsutsotsi a ciki, ashe zanzaro ne ya yi gini a tsakiyar bututun. Da ya harba ta a haka, Allah kaɗai ya san abin da zai sami fuskarsa. Bututu mai lafiya za ka ga cikinsa yana sheƙi, zanen da ya murɗa a jikinsa ya fito sarai tun daga farko har baki. Idan ka ga ramuka kamar zanzana, ko wani zobe mai duhu a wuri ɗaya, ko ka shafa waje ka ji ya ɗan kumbura, to aikin ya wuce na tsumma da mai.

A nan ne nake roƙonka kada ka kai ta wurin mai walda ko maƙerin unguwa, komai gwanintarsa a kan ƙofa da garma. Dokar nan da na ambata ta hana gyaran bindiga sai ga wanda yake da izinin hukuma, kuma ko babu doka, wutar walda tana kashe ƙarfin ƙarfen bututu ta yadda ido ba zai gane ba sai ranar da ya tsage. Idan kun je Bompai ku tambaya a nuna muku mai gyara da aka amince da shi. Shi zai duba kunama, ya tabbatar ba ta tashi da kanta in an buga gindin bindigar a ƙasa, ya gwada makullin tsaro, ya ga ko sakata tana kamawa daram. Kai kuma ka daina ɗana ta kana jan kunama babu harsashi don jin ƙararta, saboda a irin .22 allurar tana dukan gefen harsashi ne, in babu shi sai ta daki bakin ramin, a hankali ta yi masa tabo ko ita ta karye.

Tsatsar da ka gani a waje, in ja ce mai laushi wadda ba ta ci ƙarfe ba, magani kaɗan take so. Ka ɗiga man bindiga, in babu shi man keken ɗinki ma ya wadatar, ka bar shi ya kwana, washegari ka goge da tsumman auduga mai ɗan kauri, ka maimaita kwana biyu ko uku. Ka nisanci samfefa da toka da yashi da sosan ƙarfe na wanke tukunya, domin baƙin launin nan da ke jikin bututun ba ado kawai ba ne, shi ne rigar da ke kare shi daga tsatsa, in ka kankare shi ka ga ƙarfe ya yi fari tas za ka yi murna mako guda, damina ɗaya kuma ta mayar da shi ja gaba ɗaya. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su yi danƙo, baƙin man mota kuwa datti ne. Wurin da aka buga lambar bindigar kada ka kusance shi da komai mai kankara, saboda wannan lambar ce ke cikin lasisi, kuma bindigar da lambarta ta goge zargi take jawo wa mai ita. Cikin bututun kuma ta baya ake tura ɗan ƙyalle da sandar gogewa ya fita ta gaba, don kada a ji wa bakin ciwo, bakin nan shi ne saitin bindiga. A yi ta canza ƙyalle har ya fito fari, a bar mai ɗan kaɗan, ranar harbi kuma a share shi.

Game da katako kuwa, a nan zan saɓa maka kaɗan, Alhaji. Ka ce kana so ta koma kamar sabuwa, ni kuwa ina ganin da ka yi haka ka rage darajar kyautar. Ɗanka zai iya ganin sabuwar bindiga a ko'ina, amma wurin da tafin hannunka ya cinye a jikin ƙotar, da ƙarzunan ƙayar da ta samu a dajin da kuka shiga tare, ba a sayar da su. Ka duba dai ko gara ta taɓa shi, ka duba wuyan ƙotar bayan kunama ko akwai tsaga, domin nan ne yake fara karyewa. In lafiya lau ne, ka goge datti da tsumma mai ɗan danshi, ka bari ya bushe a inuwa, sannan ka shafa man linsid irin na kafintoci, ɗigo kaɗan a tafin hannu, ka murza har ya yi ɗumi, ka share ragowar, ka sake bayan kwana biyu. Tsumman da ya sha wannan man kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya kamawa da wuta da kansa, a shanya shi a fili ko a jiƙa shi da ruwa. Fenti mai ƙyalli kuwa ka bar wa kujeru.

Gidan fatar da ka ajiye ta a ciki, shi nake zargi da tsatsar nan. Fata tana shan laima a watan Agusta ta riƙe, ta manna wa ƙarfe har rani. In kana so dukawan kasuwar Kurmi su ɗinka mata sabon gida da maratayi don ranar miƙawa, wannan ya yi kyau ƙwarai, ka kai musu awo da igiya ko tsohon gidan, ban da bindigar. Amma wurin kwananta akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo, harsashi kuma a wani wuri dabam da nasa makullin, tun da ka ce akwai jikoki uku a gidan, kuma yaro ya fi kowa sanin abin da ke bayan sif. Tsofaffin harsasan da suka yi kore ko suka kumbura kada a haɗa su cikin kyautar, kada kuma a zuba su a shara ko a wuta, a miƙa su ga 'yan sanda.

Ka kuma zaunar da shi ka gaya masa cewa dajin da ka sani ba shi ne na yanzu ba. Inda kuke harbin zabi da, yau gonaki ne da gidaje, harsashin .22 kuwa duk ƙanƙantarsa yana tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, don haka ba a harba shi sama ko inda ba a ga abin da ke baya ba. Dajin Falgore gandu ne na gwamnati, ba a farauta a cikinsa. Hanya ma ta canza. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan jihar Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka hau. Duk ranar da zai fita da ita, ta kasance babu harsashi a ciki, sakata a zare a aljihun jaka, lasisi na asali a jikinsa, kuma in an tsayar da shi a shinge shi ya fara faɗa wa jami'i cewa akwai bindiga a bayan mota kafin a buɗe a gani.