Amsa: Shin manna soso a ƙofar gareji na rage zafi?

Malam, ka ce garejinka a Katsina ya zama tanda, kana tunanin manna wa ƙofar ƙarfen farin soso. Kafin ka kashe kuɗi, ɗaga kai ka dubi sama. In kwano ne tsirara babu silin, to daga nan yawancin zafin yake sauka, ƙofa ba ta da laifi sosai. A watan Afrilu da Mayu, da zafi kan wuce digiri 40, kwano shi ke gasa ɗakin.

Amma in ƙofar tana kallon yamma, rana na dukanta daga azahar har la'asar sakaliya, nan kam soson zai yi aiki, musamman in akwai ɗakin kwana jikin garejin. Ni nawa gabas yake kallo, farin fenti kawai na shafa, na sa roba a ƙasan ƙofa saboda ƙurar hunturu, kuma ya wadatar.

Abu ɗaya dai: soson nan yana cin wuta da sauri. In kana ajiye janareta ko jarkar fetur a ciki, ka rufe soson da falle, ko ka haƙura da shi.