Ga ƙanena mai son karatun haƙƙin ƙasa a Kanada

Ƙanena, saƙonka ya iso, kai ne na uku da ya kawo mini irin wannan magana a watan nan. Ka ce kana son zuwa Kanada digiri na uku a falsafar siyasa, kan wa ke da haƙƙin ƙasa a inda Turawa suka zo suka zauna, wai ba zai ba ka wuya ba tunda mu ma an yi mana mulkin mallaka.

To, nan ka fara tuntuɓe, ni ma nan na faɗi. Namu Turawan sun ci Sakkwato a 1903, a 1960 suka naɗe tabarma. Na nan Kanada ba su tafi ba, ba kuma za su tafi ba. Dokar Indiyawa ta 1876, wadda ta shafi 'yan asalin Kanada, ba mutanen Indiya ba, har yau tana aiki. Mafi yawan lardin Biritish Kolombiya, inda nake zaune, ba a taɓa ƙulla yarjejeniyar miƙa shi ba. A shekarata ta farko na miƙe a aji ina ta zuba kan Lugga da sarakunanmu, wata ɗaliba 'yar asalin ƙasar ta bari na gama, ta ce: "Kai ma a ƙasar kakannina kake kwana." Wallahi kwana uku ina jin zafin maganar. Ni da na zo da takardar biza, ina wanke kwanuka da dare! Amma ba ƙarya ta yi ba.

Hanyar binciken ma ba yadda kake zato ba ce. Ba za ka kulle kanka a laburare da littattafan Turawa ka fito da hukuncin wa ya cancanci fili ba. Nemi shari'ar Delgamuukw. A cikinta 'yan asalin lardin nan na al'ummomin Gitxsan da Wet'suwet'en sun kawo tarihin baka da waƙoƙin gidajensu a matsayin shaidar cewa ƙasar tasu ce, alƙalin farko ya ƙi ba su nauyi a 1991, Kotun Ƙoli ta ce a 1997 shaida ce. Sai 2014 kotun ta fara tabbatar wa wata al'umma, Tsilhqot'in, mallakar wani yanki takamaimai. Ke nan dokokinsu na gado ma tushe ne na nazari, ba labarin da za ka tsinto ka ƙawata babi da shi ba. Idan kuma hira za ka yi da su, sai kwamitin ɗa'a na jami'a ya yarda, su ma sun yarda. Ni wata takwas na yi ina jira, kuɗin haya na cin aljihuna, mai duba aikina ko a jikinsa.

Na gama dai, da gumina, ba wanda ya ɗauke ni.

Kada ka zo ba cikakken tallafin karatu a rubuce. Kada kuma ka kwaso rigimar ɗan ƙasa da baƙo ta Jos ka ɗora a kan wannan, ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Zaɓi shari'a guda, ka rubuto mini shafi biyu, sannan mu yi maganar wanda za ka tuntuɓa. Ka gaida Inna.