Hukuncin aikin kwastoman sirri ta waya da intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce, ina neman aikin da zan riƙa yi daga gida. Na ga ana ɗaukar mutane aikin kwastoman sirri: a ba ka lambar otal ko kamfani, ka kira kamar mai son saye, ka yi tambayoyin da aka tsara, sannan ka rubuta rahoton yadda aka karɓe ka, a biya ka. Wani malami ya ce wannan leƙen asiri ne da ƙarya. Kuma shafin da nake son shiga mazauna Amurka kaɗai yake ɗauka, amma ƙawata ta ce in kunna VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, in sa adireshin ɗan'uwanta da ke can. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, shi aikin halal ne, ji'ala ce: ki yi aiki sananne a ba ki lada sananne. Shawarar ƙawarki ce matsalar, kuma ita kika sa a ƙarshe kamar ƙaramin abu.

Kamfanin ya gindaya sharaɗin zama a Amurka, musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Idan kika ɓoye ƙasarki kika ari adireshin wani, kin yaudari wanda kuka ƙulla yarjejeniya da shi, kuɗin da za ki karɓa kuma a kan wannan yaudarar ya hau. Bai halatta ba, ko da kin yi aikin da kyau. Sharaɗin ba na banza ba ne: dokokin haraji da na naɗar murya sun bambanta, a California misali ba a naɗar hirar waya sai da yardar duk masu magana. Ko ta fuskar duniya asara ce, domin irin waɗannan kamfanoni sukan nemi takardar haraji ta W-9 mai ɗauke da lambar mai biyan haraji ta Amurka, da asusun da sunansa ya dace da na rajista. Daga nan sai a rufe shafinki, wahalarki ta tafi, ɗan'uwan ƙawarki kuma ya shiga abin da bai ji ba bai gani ba.

Maganar cewa aikin tajassusi ne kuwa, ina girmama mai ita, amma ba ta da ƙarfi. Tajassusin da Suratul Hujurat ta hana shi ne tonon abin da mutum ya suturta na al'aurarsa da sirrinsa. Yadda ma'aikaci ke gaishe da mai kira da yadda yake bayanin farashi abu ne da yake yi a fili ga duk wanda ya buga lambar, kuma haƙƙin mai kamfani ne ya san ko ana yin aikin da yake biyan albashi a kansa. Shi ne ya nemi a gwada ma'aikatansa, galibi ma an riga an sanar da su cewa za a riƙa yin haka. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu tarihin Andalus sun ruwaito cewa mai hisba yakan tura ƙaramin yaro ya sayo burodi ko nama, sannan ya auna ya ga ko an tauye. Da mai hisban ya je da kansa da rawaninsa, wa zai tauye masa awo?

Sauran batun shigar burtu. A hadisin kuturu da mai sanƙo da makaho, wanda Bukhari da Muslim suka fitar, mala'ika ya zo wa kowannensu a siffar matafiyi mabuƙaci domin jarrabawa. Ƙaryar da ake zargi ita ce wadda ake cin haƙƙin wani da ita ko a cutar da shi, a nan kuwa mai haƙƙin ne ya tsara abin da za ki faɗa. Duk da haka ki fifita tambaya a kan iƙirari: "nawa ne ɗaki na kwana biyu?" ba a ce mata gaskiya ko ƙarya. Idan tsarin ya buƙaci wani suna, ki tsaya iya abin da aka rubuta, kada ki ƙara labari, kada kuma ki rantse da Allah. Amma ki tabbatar wa ya ba da aikin. Idan abokin gasar kamfanin ne ya turo ki, izinin mai wuri ya faɗi, sai ki tsaya ga tambayar farashin da kowa ke iya ji.

Abin da na fi jiye miki shi ne rahoton. Shaida ce, ana iya rage wa mutum albashi ko a sallame shi saboda ita. Ki ajiye takarda da agogo kafin ki kira, ki rubuta lokacin da kika buga, sau nawa waya ta yi ƙara, sunan wanda ya ɗauka, da kalmominsa kamar yadda ya faɗa. Abin da kika manta kada ki cike shi da zato. Idan layinki ne ya yanke, ki faɗi haka. Rubuta rahoton kiran da ba ki yi ba shaidar zur ce, haka ma sa wa kamfani taurari biyar a Google alhali ba ki taɓa sayen komai a wurinsa ba. Aikin giya, caca da tallan bashin ruwa kuwa, ki wuce su.

Ki nemi kamfanonin da ke karɓar mazauna Najeriya a fili. Jerin mambobin MSPA, ƙungiyar kamfanonin da ke ba da aikin kwastoman sirri, wuri ne mai kyau na farawa. Rajista da kamfanonin gaskiya kyauta ce. Ki karanta ƙa'idar kowane aiki sau biyu, domin ana ƙin biyan rahoto saboda kira a wajen lokacin da aka ware, ko tsallake tambaya ɗaya, ko makara wajen turawa. Ladan kiran waya kaɗan ne, yakan ɗauki makonni kafin ya shigo, don haka ki lissafa kuɗin data da kati tukuna, kada kuma ki bar wata sana'a dominsa.

Duk wanda ya ce ki biya kafin a ba ki aiki, ko ki zuba kuɗi a Telegram don a buɗe miki manyan ayyuka, ɗan damfara ne. Mafi haɗari shi ne wanda zai turo kuɗi asusunki ya ce ki gwada wata hanyar aika kuɗi ta hanyar tura su gaba ko sayen katin kyauta. Ko dai da cekin bogi ya turo kuɗin banki ya dawo kanki, ko kuɗin sata ne aka wanke da sunanki, EFCC kuma mai asusun take fara nema.

Ki sanar da maigidanki, ki tsaya ga maganar aiki idan namiji ya ɗauka. Wallahu a'alam.