Amsa: Me ya sa galaksi ke daina haifar taurari?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko taurari suna ƙaruwa har yanzu, kuma me ya sa ake ce wa wasu galaksi (wato manyan tarin taurari) "matattu". Suna ƙaruwa, amma ba kamar da ba.

Tauraro daga iskar haidirojin mai tsananin sanyi yake fitowa, sanyin da ya kai kusan digiri 260 ƙasa da sifiri. Sai da wannan sanyin nauyin gajimaren iskar ke iya jan kansa ya dunƙule. Yana matsewa yana ɗaukar zafi, har tsakiyarsa ta kai digiri miliyan 10, haidirojin ya fara rikiɗa zuwa hiliyom. Shi ke nan, tauraro ya kama. Dubi Kaza da 'Ya'yanta da dare: shekarunsu kusan miliyan 100 ne kacal, jarirai ne a gaban ranarmu mai biliyan 4.6. Galaksinmu kuwa yanzu abin da take haifa a shekara bai wuce nauyin rana ɗaya ko biyu ba. Ganiyar haihuwar ta wuce tun kimanin shekaru biliyan 10.

Mutane kan ɗauka iskar ce kawai ke ƙarewa. A ganina an fi mantawa da zafi. Ɗauki galaksin M87, wadda aka fitar da hoton baƙin raminta a 2019, wato wani wuri a tsakiyarta mai tsananin nauyi da ko haske ba ya iya kuɓuce masa. Ramin na feso makamashi yana dafa iskar da ke kewaye, ta kasa hucewa balle ta dunƙule. Shuɗɗan taurari masu gajeren rai duk sun mutu tuntuni, tsofaffi jajaye suka rage, shi ya sa take ja-ja a hoto.